Sanƙarau Daga Cikin Kwalba: Tarihin Allurar Ciwon Baya ta 2012



Ɗan Zamfara ba sai an gaya masa mene ne sanƙarau ba. Annobar da ta ɓulla a Zurmi a ƙarshen 2016 ta bazu cikin zafin 2017, ta kashe sama da mutum 1,100 a Najeriya, kuma jiharmu ce ta fi kowace jin jiki. Wancan sanƙarau ta numfashi yake yaɗuwa. Yau kuwa labarin wani iri ne daban, wanda aka tsira wa mutane da allura, a ƙasar da ake ganin ta fi kowa asibiti.

A Satumban 2012, wata likita a asibitin Vanderbilt da ke Nashville a Amurka, Dakta April Pettit, tana da majinyacin sanƙarau da magani ya ƙi yi wa aiki. Da aka auna ruwan bayansa, sai ga ƙwayar fumfuna, dangin wadda ke fitowa a jikin burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Mamaki ya kama ta, domin irin wannan ba ta cika kama mai ƙarfin garkuwar jiki ba. Da ta bi diddigi, sai ta gano an yi masa allurar ciwon baya makonni kafin nan. Nan take ta sanar da hukumar lafiya ta jihar Tennessee.

To wace allura ce wannan? Idan jijiya ta matse a gadon baya, ciwo na sauka har ƙafa, likita kan zura allura kusa da lakar baya ya zuba maganin sitiroyid don ya kwantar da kumburi. Haɗarin guda biyu ne. Na farko, allurar ta tsallake fata da tsoka, ta kai maganin gab da rigar da ke lulluɓe laka da ƙwaƙwalwa. Na biyu, shi kansa sitiroyid rage ƙarfin garkuwar jiki yake yi a wurin. Ka ga ke nan idan da datti a kwalbar, an kai ɓarawo har ɗaka, sannan an ɗaure mai gadi.

Maganin, mai suna methylprednisolone, ya fito ne daga kamfanin New England Compounding Center da ke Framingham a jihar Massachusetts. Lasisinsu na haɗa wa majinyaci magani ne bisa takardar likita, amma suka koma yi da yawa kamar masana'anta, suna rarrabawa jihohi. Kwalabe sama da 17,000 aka janye, bayan an riga an yi wa kimanin mutum 14,000 allura daga cikinsu. Masu bincike sun tarar da kwalabe da baƙin datti da ido ke iya gani.

Hukumar CDC ta ƙirga mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, 64 suka rasu, daga baya adadin mamatan ya haura 100. Wasu sanƙarau, wasu shanyewar ɓarin jiki, wasu kuma ƙurji a cikin gadon baya. Fumfunar da ta fi ɓarna, Exserohilum rostratum, a ƙasa da jikin ciyawa take zaune. Abin da ya ƙara wahalar ganewa, cutar ba ta nuna kanta sai bayan mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci ma watanni.

A 2013 Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar da ta ƙara wa hukumar FDA iko a kan irin waɗannan kamfanoni. Shugaban kamfanin, Barry Cadden, an yanke masa shekara 9 a 2017, aka mayar da ita 14 da rabi a 2021. Sai dai abin bai ƙare a nan ba: a 2023, a garin Matamoros na Meziko, an sake samun sanƙarau na fumfuna bayan allurar kashe zafi ta baya, mutane suka mutu.

Za ka ce, ina ruwan Gusau da wannan? Ai ciwon baya namu ne. Manomin Bungudu da ya wuni a duƙe, mai dakon buhu a kasuwar Tsafe, ɗan acaɓa a cikin Gusau, da yawa in baya ya riƙe sai kemis: "Malam, a yi mini allura." Galibi a ɗuwawu ake yi, amma ita ma in kwalba ko sirinji ba tsabta, sai wurin ya kumbura ya tara ruwa. Idan a Amurka kwalba mai datti ta kai hannun likitoci, yaya wadda ba ta da lambar NAFDAC?

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Allurar baya da ake yi wa mata lokacin tiyatar haihuwa, da ɗibar ruwan baya don gwajin sanƙarau, suna ceton rai. Kada tsoro ya sa ka hana a yi wa ɗanka gwajin, domin da irinsa aka gano annobar 2012.

Abin riƙewa dai: duk allurar da za ta kusanci laka aikin ƙwararren likita ne a asibiti, irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau, ba a shago ba, ba a zaure ba. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka ga an ɓare sabon sirinji a gabanka. Idan kuma bayan allura, ko da makonni sun wuce, ka ji zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, sandarewar wuya, mutuwar ƙafa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, garzaya asibiti a ranar, ka gaya wa likita, "An yi mini allura a baya ran kaza." Wannan 'yar maganar na iya gajarta masa bincike.

Ku tura wa iyayenmu da ke fama da ciwon baya, ko ku karanta musu. Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.