Aikin Gidan Da Ban Kawo Ba A 2006

Waɗanda muka yi aji biyar tare a 2006 za su tuna ranar da malaminmu na Tarihi ya shigo da 'yar rikodarsa mai batir. Wani direban Fijo ne ya sayo masa kaset ɗin a kasuwar Maraɗi, cikin irin kayan nan da ke bi ta Ɗan Isa da Magama, su ratsa garinmu Daddara su nufi Katsina. Da ya kunna muka kwashe da dariya, mu da kunnenmu ya saba da Shata da waƙoƙin fim. Sai ya ce, "A wace ƙasa aka ɗauki wannan?" Muka haɗa baki muka ce Ingila. Ya ce duk mun ci sifili, mu je mu bincika. Ba wanda ya bincika. To, Malam, ga amsata, ko da ta makara.

Sunan faifan Band on the Run, na ƙungiyar Wings wadda Paul McCartney ya kafa a 1971 bayan watsewar Beatles. A Legas aka ɗauki mafi yawansa, a sitidiyon kamfanin EMI da ke Apapa, a 1973, zamanin Janar Gowon.

Shi McCartney ya zaɓi Legas ne yana tsammanin zai sha iskar bakin teku da rana, ya yi aiki da dare. Ana gab da tashi mutum biyu suka fice daga ƙungiyar, mai ganga da mai jita. Suka rage su uku: shi da matarsa Linda da Denny Laine. Suka sauka a ƙarshen Agusta, cikin damina, suka tarar da sitidiyo ba kayan aiki na kirki. Dole shi da kansa ya hau ganguna. Wani dare 'yan fashi suka tare shi da Linda da wuƙa, suka tafi da jakar da ke ɗauke da kaset ɗin gwajin waƙoƙin, sai da ka ya tuno su. Wata rana kuma numfashinsa ya sarƙe ya faɗi.

Sai ga Fela Kuti ya fito fili ya ce Turawan sun zo satar kiɗan baƙar fata ne. McCartney ya gayyace shi sitidiyo ya kunna masa abin da suka ɗauka, magana ta mutu. Ni dai ban ga laifin Fela ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma gaskiya in ka saurari faifan da kyau ba za ka ji kiɗan Nijeriya a ciki ba. Waƙa ɗaya, Picasso's Last Words, an yi aikinta a sitidiyon Ginger Baker a Ikeja, wato makaɗin gangar Cream wanda ya keto Sahara da mota a 1971. Ita kuwa Mamunia, wadda muka laƙaba wa suna "Maimuna", ashe sunan wani otal ne a Marrakesh ta Maroko.

Faifan ya fito a Disamba 1973, ya zama na ɗaya a Amurka da Ingila a 1974. Fela ya rasu a 1997, Linda a 1998, Baker a 2019, Laine a 2023.

Direban nan na ji tun rufe kan iyaka na Agusta 2019 ya jingine motarsa. Ni ma aikin ofis da tsoron hanya sun hana ni zuwa gaishe ka, na san kuma ba hujja ba ce. Malam, in kaset ɗin yana nan a ajiye mini. In Allah ya yarda ina tafe da Babbar Sallah, da batir sababbi.