Lauyan sa-kai

lauyan sa-kai (suna, namiji, mace: lauyar sa-kai, jam'i: lauyoyin sa-kai). Lauyan da ke tsaya wa mutum ko ba shi shawara ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. A harkar zaɓe, shi ke bin kadin wanda sunansa ya ɓace daga rajistar hukumar zaɓe ta INEC, ko wanda 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyukan Rabah, Wurno ko Goronyo, yana neman a sauya masa rumfar zaɓe zuwa inda ya fake. Misali: "Baba, kada ka sayar da akuyarka, lauyan sa-kai zai rubuta maka takardar." Daban yake da lauyan ɗan takara, wanda kwana 21 kacal gare shi ya shigar da ƙara bayan an bayyana sakamako.