Kwashe saitin ƙaramin jirgin sama daga rimot zuwa rimot

Kwashe saitin ƙaramin jirgin sama shi ne ɗaukar bayanan da aka adana wa wani jirgi a cikin na'urar sarrafa shi daga nesa, a mayar da su cikin wata na'urar. Ita wannan na'ura da matuƙi yake riƙewa a hannu ana kiranta rimot, masu harkar kuma sukan ce mata rediyo, domin da siginar rediyo take aika umarni ga risibar da ke cikin jirgin. Ana kwashe saiti idan mutum ya sayi sabon rimot, ko ya sayar da jirginsa, ko yana so ya ajiye kwafi saboda gudun lalacewar na'ura.

Abin da saitin ya ƙunsa

Tun daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara ƙera rimot mai 'yar kwamfuta a ciki, wanda yake iya riƙe saitin jirage da yawa, kowanne da sunansa. Saitin jirgi ɗaya yakan ƙunshi tashar da kowane umarni yake bi, da ɓangaren da kowane sarbo zai juya. Sarbo shi ne ɗan injin da ke motsa leɓen fiffike ko na wutsiya. Akwai kuma iyakar motsinsa da tsakiyarsa, da gaurayen tashoshi, da aikin kowane makunni, da agogon da ke ƙidaya lokacin tashi. A jirgi mai sauƙi wannan aikin mintuna kaɗan ne. A jirgi mai saukar ungulu ko jirgin gasa marar inji mai sarbo shida, saitin kan zama sakamakon gwaji na watanni, shi ya sa matuƙa ba sa son sake shi daga farko.

Hanyoyin kwashewa

A da, kamfanin Futaba na Japan ya yi wani ɗan ma'adanin bayanai mai suna CAMPac da ake cirewa daga rimot a sa a wani. Yau katin SD ne ya fi yawa. A rimot ɗin Spektrum, na kamfanin Horizon Hobby da ke Amurka, ana fitar da saitin jirgi zuwa kati a matsayin fayil mai ƙarshen SPM, sannan a shigar da shi cikin ɗaya rimot ɗin. Wasu na'urorin suna tura saiti kai tsaye tsakanin rimot biyu iri ɗaya, ta waya ko ta iska.

Manhajar OpenTX, wadda ta yi fice da fitowar FrSky Taranis X9D a 2013, da kuma EdgeTX da ta ɓalle daga jikinta a 2021, sun fi sauran sauƙin kai, domin rimot na kamfanoni daban-daban kamar RadioMaster da Jumper suna aiki da su. Kowacce tana da manhajar kwamfuta mai suna Companion. Ana karanta saitin daga tsohon rimot, a zaɓi bayanin sabon, sai manhajar ta juya saitin ya dace da shi, ta kuma nuna abubuwan da ta kasa juyawa. Sababbin sigogin EdgeTX suna ajiye kowane jirgi a fayil ɗin rubutu na YAML cikin foldar MODELS, wanda ana iya buɗewa a karanta da ido. Galibi sabuwar siga tana karanta fayil ɗin tsohuwa, amma tsohuwa ba ta karanta na sabuwa.

Tsakanin manhajoji mabambanta kuwa babu fayil ɗin da ke wucewa. Rimot ɗin Futaba ba ya buɗe fayil ɗin Spektrum, ita ma ETHOS, sabuwar manhajar FrSky, tsarin fayil ɗinta daban ne da na OpenTX duk da cewa kamfani ɗaya ne ya sayar da na'urorin. A nan sai dai a rubuta lambobin a takarda a sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ba ya bin fayil

Fayil ɗin saiti ba ya ɗauke da alaƙar da ke tsakanin rimot da risiba. A tsarin 2.4 GHz, risiba tana haddace lambar shaida ta rimot ɗin da aka ƙulla ta da shi, ba ta kuma sauraron wani. Saboda haka dole a sake ƙulla ta da sabon rimot, kuma hakan ba zai yiwu ba sai idan su biyun suna magana da yare ɗaya, kamar DSMX na Spektrum ko ACCST na FrSky. ExpressLRS ta bi wata hanya: ana samar da lambar shaidar daga wata jimla da mai na'urar ya zaɓa, don haka duk rimot ɗin da aka sa wa wannan jimlar zai iya haɗuwa da risibar.

A yawancin tsare-tsare, matakin da jirgi zai ɗauka idan sigina ta yanke, misali kashe inji, a cikin risiba yake zaune, kuma a wasu lokacin ƙullawa ake kafa shi. Daidaita sandunan sarrafawa shi ma na rimot ne, ba na jirgi ba. Haka tsarin sanduna: a tsari na 2, wanda ya fi yawa a Amurka, totur yana hannun hagu, a tsari na 1 kuma yana hannun dama. Hoton jirgi da fayilolin murya da ƙananan manhajojin Lua suna wasu foldoji dabam, sai an kwafe su da kansu.

Makunnai ma suna kawo matsala. Taranis X9D yana da makunnai takwas, daga SA zuwa SH, amma Q X7 ba shi da SE da SG. Idan makunnin kashe inji yana kan wanda sabon rimot ba shi da shi, fayil ɗin zai buɗe, jirgin kuma ya rasa wannan kariyar.

Bambancin ma'auni

Wanda yake kwafar lambobi da hannu ya fi kowa shiga haɗari, domin lamba ɗaya ba ta nufin abu ɗaya a ko'ina. Futaba tana jera tashoshi huɗu na farko da leɓen fiffike, leɓen hawa da sauka, totur, sai leɓen juya kai, jerin da ake taƙaitawa da AETR. Spektrum da JR suna fara wa da totur, wato TAER. Idan aka rikita su, sandar totur za ta motsa fiffike, ko kuma sandar fiffike ta tayar da inji.

Ana auna umarnin sarbo da tsawon bugun sigina, a maikirosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Tsakiya a wurin yawancin kamfanoni 1500 ce, a wurin Futaba 1520. Motsi na kashi 100 a Spektrum yana kamawa daga kusan 1100 zuwa 1900, a OpenTX da EdgeTX kuwa daga 988 zuwa 2012. Ke nan kashi 100 na Spektrum kusan kashi 80 ne a EdgeTX. Wanda ya kwafi 100 kamar yadda ya gan ta zai samu motsi da ya wuce kima, har sarbo ya riƙa tura sandarsa bayan ta kai iyaka, ya yi zafi ya ƙone. An kuma san cewa tashar totur ta Futaba takan buƙaci a juya ta kafin ta dace da na'urar sarrafa injin lantarki, abin da sauran ba su cika buƙata ba. Saboda irin wannan ne gogaggun matuƙa suka fi yarda da auna motsin leɓen da rula, a milimita, a kan dogaro da lambar da ke allo.

Dubawa kafin tashi

Bayan kwashe saiti ana ɗaukar jirgin tamkar wanda bai taɓa tashi ba. Ana cire farfela kafin a haɗa batir. Matuƙi yakan tsaya a bayan jirgin ya tura sanda dama, ya ga leɓen fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka; idan akasin haka ya faru, jirgin zai kife cikin daƙiƙoƙi kaɗan da barin ƙasa. Daga nan a gwada kowane makunni, a kashe rimot a ga ko inji ya tsaya, sannan a yi gwajin nisa da rage ƙarfin sigina, wanda yawancin kamfanoni suke cewa a yi daga tazarar kusan mita 30.