NBA: gasar da ba a gangarawa rukuni na biyu

Duk wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, a nan gida ko a Faransa da Ingila, ya san ƙa'ida guda: ƙungiyar da ta zo ƙarshe takan gangara rukuni na biyu, wadda ta yi zarra a ƙasa kuma ta hau. A babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, babu wannan. Ƙungiya tana iya shan kashi shekara goma a jere, kujerarta tana nan daram, har ma a ba ta tukuici. Dalilin haka yana cikin yadda aka kafa gasar.

Wasan kansa malamin makaranta ne ya ƙirƙiro shi. A watan Disamba na 1891, James Naismith, ɗan Kanada mai koyar da motsa jiki a garin Springfield, ya rataye kwanduna biyu na zuba ƴaƴan itace, ya rubuta dokoki 13, domin ɗalibansa su sami abin yi a cikin zaure lokacin hunturu. Amma gasar ƙwararru ba daga makaranta ta fito ba. Ranar 6 ga Yuni 1946 wasu attajirai masu manyan zaurukan wasa suka taru a Niyok. Akasarinsu da wasan hoki na kan ƙanƙara suke cin abinci, damuwarsu kuwa ita ce dararen da zaurukan suke kwana babu ƴan kallo. Suka kafa gasa mai suna BAA, ta fara da ƙungiyoyi 11. A 1949 ta haɗe da abokiyar hamayyarta NBL, aka sami NBA.

Ke nan tun ranar farko kujera a gasar dukiya ce da mutum ya saya, kamar rumfa a kasuwa, kuma ba wanda zai yarda a tashe shi daga rumfarsa don ciniki ya yi ƙasa shekara ɗaya. Ga shi kuma da farko cinikin bai yi armashi ba. Daga ƙungiyoyi 17 a 1949, sai da suka koma 8 a tsakiyar shekarun 1950. Wasan ma ya gundiri jama'a, domin ƙungiyar da ta shiga gaba sai ta riƙe ƙwallo har lokaci ya ƙare. A Nuwamba 1950 an tashi wani wasa 19 da 18. Maganin ya zo a 1954 daga Danny Biasone, mai ƙungiyar Syracuse: daƙiƙa 24 kacal ake ba ƙungiya ta jefa ƙwallo, in ba haka ba ta miƙa shi ga abokan karawa.

A 1950 ne baƙaƙen fata suka fara shiga gasar, Earl Lloyd ne na farkon da ya taka fili. Shekara 16 bayan haka Bill Russell, wanda ya ci kofi 11 da Boston Celtics tsakanin 1957 da 1969, ya zama baƙar fata na farko da ya horar da ƙungiya a NBA. Wata kishiyar, ABA, ta ɓullo a 1967, ita ma aka haɗiye ta a 1976, aka karɓi ƙungiyoyinta huɗu. Jifan nesa mai maki uku da ta shahara da shi ya shigo NBA a 1979.

Tun 2004 ƙungiyoyin 30 ne, 29 a Amurka, ɗaya a Toronto. An raba su shiyya biyu, Gabas da Yamma, kowace 15. Kowace ƙungiya tana buga wasa 82, sannan 16 su shiga zagayen kifa ɗaya ƙwala, inda wadda ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai take wucewa.

To, idan babu tsoron gangarawa, me zai hana masu kuɗi su cinye gasar har abada? Amsa biyu aka bayar. Ta farko ita ce rabon sababbin ƴan wasa: kowace shekara ƙungiyoyin da suka fi rauni su ke fara zaɓa daga cikin matasa masu tasowa. Ta biyu ita ce ƙayyade jimillar albashin da ƙungiya za ta biya, wanda ya fara aiki a 1984, shekarar da David Stern ya hau shugabancin gasar. Daga baya aka ƙara da haraji a kan wanda ya zarce iyaka da yawa. Ƴan wasa, waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙwadagonsu tun 1954, suna karɓar kusan rabin kuɗin da wasan ke samarwa, kuma ba a banza suka same shi ba: rikicin albashi ya rage wasannin 1999 zuwa 50, na kakar 2011 zuwa 66.

A ganina tsarin yana da hikima, amma yana da ɓaraka. Idan shan kashi yana kawo lada, za a sami mai neman sa. A 1984 an zargi Houston Rockets da sakin jiki da gangan domin ta samu zaɓen farko. Ta same shi kuwa, ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ciyo mata kofi a 1994 da 1995; Michael Jordan na uku aka ɗauka a wannan shekara. A 1985 aka shigo da ƙuri'a don rage wannan wayo, kuma an sha gyara ta tun daga lokacin. Ɓaraka ta biyu ta fi zafi ga ƴan kallo: ƙungiya ba ta gangarawa, amma tana ƙaura. Lakers ta samo sunanta daga tabkunan Minnesota, ta tafi da shi Los Angeles a 1960. Mutanen Seattle kuwa, bayan shekara 41 suna goyon bayan ƙungiyarsu, sun wayi gari a 2008 an kwashe ta zuwa Oklahoma City.

Da NBA ta haɗa hannu da hukumar FIBA suka buɗe gasar Afirka ta BAL a Kigali a 2021, ba ta zo da wannan tsari ba. Ƙungiyoyi 12 da suka kara sun iso ne ta hanyar gasannin ƙasashensu da wasannin share fage, kamar yadda muka saba a ƙwallon ƙafa, kuma Zamalek ta Masar ce ta ɗauki kofin farko.