Yadda Karkatar Hasken Rana Ke Haifar Da Damina, Kaka, Hunturu Da Bazara

Mutane da yawa na ɗauka cewa zafin bazara yana zuwa ne saboda duniya ta matso kusa da rana. Lissafin masana falaki ya nuna akasin haka. A farkon watan Janairu, lokacin da mazauna Abuja ke fama da sanyin hunturu, duniya ta fi kusa da rana, a tazarar kimanin kilomita miliyan 147, yayin da a farkon Yuli take nisanta zuwa kimanin kilomita miliyan 152. Abin da ke sauya lokutan shekara shi ne yadda hasken rana ke sauka a kan ƙasa, a miƙe ko a karkace.

Duniya tana kewaya rana a karkace da kimanin digiri 23.4, kuma karkatar tana fuskantar gefe ɗaya duk shekara. Don haka rabin duniya na arewa yakan fi fuskantar rana a watan Yuni, rabin kudu kuma a watan Disamba. Idan aka haska tocila a miƙe a kan daɓe, hasken yakan taru wuri guda da ƙarfi. Idan aka karkata ta, sai ya bazu ya raunana. Haka zafin rana yake. Shi ya sa lokacin da Turai ke cikin sanyi, Afirka ta Kudu ke cikin zafi.

Abuja tana kan digiri 9 ne arewa da layin ikwaita, saboda haka rana takan tsaya daidai tsakiyar kai sau biyu a shekara: wajen 13 ga Afrilu da kuma wajen 30 ga Agusta. A waɗannan ranaku, sandar da aka kafa a tsaye kusan ba ta da inuwa a lokacin zawali. A Kano, wadda ke kan digiri 12, hakan na faruwa wajen 21 ga Afrilu da 22 ga Agusta. Tsakanin ranakun biyu inuwar tsakar rana takan karkata kudu, a sauran watanni kuma arewa. Wajen 21 ga Disamba, tsayin rana a sararin Abuja da tsakar rana bai wuce digiri 58 ba. Bambancin tsawon yini tsakanin Yuni da Disamba a birnin kusan awa ɗaya ne kawai, alhali a Landan ya haura awa takwas.

A ƙasashe masu zafi irin Najeriya, tasirin wannan karkata ya fi bayyana ta fuskar ruwan sama. Yankin da rana ta fi gasawa, iskarsa takan yi zafi ta tashi sama, sai ta jawo wata iskar daga gefe. Yayin da rana ke hawowa arewa, iska mai laima daga Tekun Atilantika takan biyo ta a baya, ta tura busasshiyar iskar Sahara. Kafin laimar ta iso, ƙasa takan sha rana ba tare da kariyar gajimare ba, wannan ce bazara, kuma shi ya sa Maris da Afrilu ke cikin watannin da suka fi zafi a Abuja. Damina takan fara a birnin wajen Afrilu ta kai Oktoba, amma a Sakkwato da Katsina ba ta kankama sai wajen Yuni. A watan Agusta rana tana tsakiyar kai, duk da haka gari yakan yi sanyi domin hadari ya tare haskenta.

Idan rana ta koma kudu, iskar laima takan janye, a shiga kaka, sannan iskar arewa maso gabas ta kawo hunturu da ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi.

Sanin wannan tsari yana da amfani ga rayuwar yau da kullum. Manoman Kwali, Abaji da Gwagwalada da suka yi gaggawar shuka da ruwan farko sukan yi asarar iri idan ruwan ya ɗauke, dalilin da ya sa Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Masu kafa farantan sola a Abuja kan karkata su kaɗan zuwa kudu, domin a mafi yawan watanni ta can rana take bi. Haka nan, tun da shekarar Hijira ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, watan Ramadan yakan zagaya dukkan waɗannan lokuta cikin kusan shekara 33.