Maƙabartun da Masu Su Suka Yi Ƙaura: Nazari kan Ƙauyukan Maroko

A shekarar 1948 Yahudawan Maroko sun kai kimanin 250,000. Yau ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba, galibinsu a Kasablanka. Da yawa daga waɗanda suka tafi Isra'ila da Faransa da Kanada mutanen karkara ne, daga tsaunukan Atlas da bakin Sahara. Gida ya sayu, shago ya sayu, amma kushewa ba ta ɗaukuwa, balle a shari'ar Yahudawa kabari na mai shi ne har abada.

Abin da ke cin irin wannan maƙabarta ba ƙiyayya ba ce a mafi yawan lokuta. Ambaliya ce, da awaki, da manomin da ke ƙara kunya ɗaya kowace damina, da magini mai neman sassaƙaƙƙen dutse. Duk mazaunin Lafiya da ya ga yadda gari ya faɗaɗa tun da ya zama babban birnin jiha a 1996 ya san yadda fili marar katanga ke ƙanƙancewa.

A 2010 Sarki Muhammad na Shida ya ƙaddamar da aikin gyara, tare da majalisar al'ummar Yahudawan ƙasar ƙarƙashin Serge Berdugo. Cikin shekara biyar aka gyara maƙabartu 167: katanga, ƙofa, share ciyayi, daidaita duwatsun da suka tuntsure. Aiki ne na a yaba. Sai dai a ganina katanga rabin magani ce. Inda akwai kabarin wani malami da ake ziyarta, kamar na Amram ben Diwan kusa da Wazzan, baƙi na zuwa duk shekara, kuɗin kula na shigowa. Maƙabartar talakawan ƙauye kuwa, wadda ba waliyyi a cikinta, rayuwarta na hannun mutum guda: maƙwabci Musulmi, sau da yawa Ba'amazige, wanda ya gaji mabuɗi daga mahaifinsa. Ba lalle ya iya karatun Ibrananci ba, amma ya san wannan kabarin maƙerin azurfa ne, wancan na matar mai ɗinkin sirdi. Aomar Boum, a littafinsa na 2013 kan yankin Akka, ya nuna yadda wannan sani ke raguwa daga kakanni zuwa jikoki, waɗanda ba su taɓa zama da Bayahude ba.

Musulmi na da madogara a nan, don Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye lokacin da aka wuce da gawar Bayahude. Abin gaggawa yanzu shi ne a zauna da tsofaffin masu gadin nan, a naɗi muryarsu, a zana taswirar kowane kabari da sunan mai shi, tun suna raye.