Mayen Ƙarfe da Ɓarawon Ciyawa: Tarihin Lantarki da Maganaɗisu

Gabatarwa

Akwai kalmomi biyu da Bahaushe ke furtawa kamar a cikin gidansa aka haife su, alhali kuwa dukansu baƙi ne, watau lantarki da maganaɗisu. In aka bi sawunsu, sai a tarar daga ƙasa ɗaya suka fito, ƙasar Girka. Maganaɗisu ta hannun Larabawa ta iso mana, amma tushenta sunan wani yanki ne, Magnesiya, inda ake samun wani baƙin dutse mai jan ƙarfe. Shi ne wanda Bahaushe ya yi wa laƙabi da mayen ƙarfe. Lantarki kuwa daga Turanci muka aro ta, su kuma Turawa sun ƙera ta daga kalmar Girkanci "elektron". Wannan suna ne na wani ƙaro na itace wanda ya daskare tun zamanin zamunna har ya zama kamar dutse, launinsa rawaya, ana yin carbi da duwatsun wuya da shi. In aka goga shi a jikin ulu, sai ya riƙa jawo gutsattsarin ciyawa da gashin tsuntsu. Saboda haka ne Farisawa suka kira shi "kahruba", ma'ana ɓarawon ciyawa, kuma daga nan ne Larabawa suka sami "kahraba", sunan da suke kiran wutar lantarki da shi har yau.

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin waɗannan abubuwa biyu. Mai karatu zai ga matakai uku: da farko an ɗauke su dangi ɗaya bisa zato, sa'an nan aka raba su bisa gwaji, daga ƙarshe gwaji ya sake haɗa su.

Zamanin zato

Wanda aka fi dangantawa da fara magana a kan wannan al'amari shi ne Talis, wani masani na birnin Miletus da ke gaɓar tekun ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu wajen shekara 600 kafin Miladiyya. Aristotil ya ruwaito cewa Talis yana ganin maganaɗisu na da rai, tun da yana iya motsa ƙarfe. Kada mu yi masa dariya, domin wanda ya kira dutsen nan maye, shi ma abin da yake nufi ke nan. Ɗaruruwan shekaru bayan Talis, galibin masana sun ci gaba da sa maganaɗisu da kahraba a kwando ɗaya, tun da kowannensu yana jan abu ba tare da hannu ko igiya ba.

Maganaɗisu ne ya fara yi wa ɗan Adam amfani. A shekarar 1088, wani masani na ƙasar Sin mai suna Shen Kuo ya rubuta yadda ake goga allura a jikin dutsen, a rataye ta da zaren siliki, ta juya ta nuna kudu. Ya lura ma cewa ba ta nuna kudu sak, takan ɗan karkata gabas. Wajen 1190 Alexander Neckam na Ingila ya ambaci yadda matuƙan jirgin ruwa ke aiki da ita in gajimare ya rufe taurari. A Alƙahira, Bailak al-Kibjaki ya rubuta a 1282 cewa ya ga matuƙa suna ɗora allurar a kan ruwa a cikin ƙwarya, a wata tafiya da ya yi zuwa Iskandariya shekara 40 kafin nan. A ƙarshen ƙarni na 13 kuma Sarkin Yaman, al-Ashraf Umar, ya bayyana yadda ake gane alƙibla da ita. A 1269 wani Bafaranshe, Petrus Peregrinus, ya nuna cewa kowane maganaɗisu kai biyu gare shi, na arewa da na kudu, kuma in ka karya shi biyu, kowane ɓari zai sake fitowa da kawunansa biyu.

To amma fa aiki da abu daban, saninsa daban. Littattafan wancan zamani cike suke da almara. Ana cewa tafarnuwa na kashe ƙarfin maganaɗisu, jinin bunsuru kuma na dawo da shi. Ana cewa in aka sa shi a ƙarƙashin matashin mace maciya amana, zai wurgo ta daga kan gado. Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya zai tuna dutsen nan da ke zare ƙusoshin jirgin ruwa har ya wargaje. Marubuci ya kwafo daga marubuci, ba a cika samun mai ɗaukar tafarnuwar ya gwada ba.

Zamanin rabuwa

Tun a 1550 wani likitan Italiya, Cardano, ya fara lissafa bambancin da ke tsakanin abubuwan biyu, amma wanda ya raba gardama shi ne William Gilbert, likita a Landan, wanda daga baya ya zama likitan Sarauniya Elizabet ta Farko. A 1600 ya fitar da littafinsa De Magnete, inda ya yi fatali da labarin tafarnuwa da 'yan'uwansa, ya kafa hujjarsa a kan gwaji. Ya sassaƙa dutsen maganaɗisu ya mai da shi ƙwallo, ya riƙa zagaya shi da 'yar allura, sai ya ga tana yin abin da take yi wa matafiya a doron ƙasa. Daga nan ya yanke hukunci cewa ita kanta duniya ƙaton maganaɗisu ce, shi ya sa allura ke nuna arewa.

Game da kahraba kuwa, ya gano cewa ba shi kaɗai ke da wannan hali ba. Gilashi da farar wuta da lu'ulu'u duk suna jawo ƙananan abubuwa in an goga su. Ya haɗa su ya ba su suna daga kalmar nan "elektron", sa'an nan ya jera bambancinsu da maganaɗisu. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, su kuwa duk abin da ba shi da nauyi suna jansa. Maganaɗisu ba ya bukatar guga, su sai an goga su. Maganaɗisu ba ruwansa da laima, su kuwa da iska ta yi danshi sai ƙarfinsu ya mutu. Wannan batu na ƙarshe kowane mutumin Arewa shaida ne a kansa. Da hunturu ne bargo ke tartsatsi cikin duhu, gindin biro ya ɗauki gutsuren takarda in an goga shi a gashi. Da damina kuwa da ƙyar a ga haka, domin danshin da ke lulluɓe jikin kaya yana zurarar da cajin kafin ya taru.

Da aka raba su, sai binciken lantarki ya kama hanyarsa. A 1729 Stephen Gray, wani tsohon marini a Ingila, ya gano cewa wannan ƙarfi yana tafiya. Shi da abokinsa Wheler sun shimfiɗa igiya mai tsawon fiye da ƙafa 700, suka tallafe ta da zaren siliki, suka goga gilashi a wannan baki, wancan bakin ya jawo gashin tsuntsu. A wani gwaji, da silikin ya tsinke suka musanya shi da siririyar wayar tagulla, sai abin ya ƙi, domin wayar ta kwashe cajin ta tafi da shi. Ta haka aka san cewa abubuwa iri biyu ne, masu ba lantarki hanya kamar ƙarfe, da masu tare shi kamar siliki. A 1733 du Fay na Faransa ya ƙara da cewa shi kansa cajin iri biyu ne, na gilashi da na ƙaro. Iri ɗaya suna korar juna, mabambanta kuma suna jan juna.

A 1745 da 1746, von Kleist a Jamus da Musschenbroek a garin Laidin na ƙasar Holan suka gano, kowa daban, yadda za a tara caji a cikin kwalba. Girgizar da Musschenbroek ya sha ta sa ya rubuta wa wani abokinsa cewa ko mulkin Faransa za a ba shi ba zai sake ba. Nan da nan abin ya zama wasan fada. Nollet ya jera sojoji 180 riƙe da hannun juna a gaban Sarkin Faransa, ya sake musu cajin kwalba, suka yi tsalle gaba ɗaya.

Benjamin Franklin na Filadalfiya ne ya fitar da lantarki daga wasa. Shi ne ya sa wa caji biyun nan alamar tarawa da ta ɗebewa, waɗanda muke gani a jikin batir har yanzu. Ya kuma yi hasashen cewa walƙiya da tsawa ba kome ba ne illa tartsatsin nan na kwalba, sai dai babba. Ranar 10 ga Mayu 1752 aka gwada shawararsa a ƙauyen Marly kusa da Faris, aka kafa doguwar sandar ƙarfe, hadari ya taso, aka sami tartsatsi daga jikinta. Gwajin ba wasan yara ba ne, domin a 1753 ya kashe Farfesa Richmann a birnin San Fitasbag na Rasha. Kafin nan, manoman Turai sukan tsinci gatarin dutse na mutanen da a gona su ce tsawa ce ta jefo shi, daidai da abin da ake kira gatarin aradu a ƙasar Hausa. Franklin ya nuna cewa caji ne ke tsallakawa tsakanin gajimare da ƙasa, kuma sandar ƙarfe a kan gini za ta iya kai shi ƙasa salun-alun. A 1785 Coulomb ya auna ƙarfin jan da ke tsakanin caji biyu: in aka ninka tazara sau biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in sau uku, ɗaya cikin tara.

Zamanin sake haɗuwa

Duk da rabon da Gilbert ya yi, akwai alamun da suka ƙi ɓacewa. Matuƙa sun ba da labarin cewa in tsawa ta faɗa wa jirgi, allurar kamfas takan rikice, kan arewa ya koma kudu. Matsalar ita ce, lantarkin da ake da shi a lokacin kwantacce ne, yana taruwa ya fashe cikin ƙiftawar ido, ba a samun damar nazarinsa yana tafe. Volta na Italiya ne ya warware wannan a 1800. Ya jera faifan tutiya da na azurfa ko jan ƙarfe, yana raba su da takarda jiƙaƙƙiya da ruwan gishiri, sai ga lantarki yana gudu ba yankewa. Wannan shi ne batir na farko. Volta da kansa ya kamanta shi da gaɓar da ke jikin kifi mai girgiza mutum, halin da masuntanmu suka sani a wurin minjirya.

A 1820, Hans Christian Oersted na Jami'ar Kofanhegan ya lura cewa in lantarki na gudu cikin waya, allurar kamfas da ke kusa sai ta juya ta gitta wa wayar. Ya buga sakamakon a watan Yuli, kuma kafin shekarar ta ƙare Ampère a Faris ya nuna cewa wayoyi biyu masu ɗauke da lantarki suna jan juna ko korar juna, ba tare da wani dutse ko ƙarfe a tsakani ba. Ashe dai lantarki in yana kwance ciyawa yake ja, in ya tashi tafiya sai ya haifi maganaɗisu.

Saura a juya al'amarin, watau a fitar da lantarki daga maganaɗisu. Wanda ya yi haka shi ne Michael Faraday, ɗan maƙeri, wanda bai yi karatu mai zurfi ba, ya fara rayuwa a matsayin yaron mai ɗinkin littattafai. A 1831 ya gano cewa in aka ajiye maganaɗisu shiru a cikin naɗaɗɗiyar waya ba abin da ke faruwa, amma da an motsa shi sai lantarki ya gudana. Kowane janareta a kan wannan ƙa'ida yake aiki, tun daga ɗan ƙaramin da ke kunna fitilar keke har zuwa manyan injinan madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, inda ruwan Kwara ke juya su. A 1865 Maxwell, mutumin Sikotilan, ya tattara dukan waɗannan dokoki cikin lissafi ɗaya, ya nuna cewa haske ma ɗan gidan ne.

Amsar tambayar Talis ta zo a 1897, sa'ad da J. J. Thomson ya gano wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya mai caji da ke cikin kowane abu, wadda aka raɗa wa sunan kahraba na Girkanci, elektron. In ka goga biro a gashi, waɗannan ƙwayoyi ne ke ƙaura daga gashin zuwa biron, ɗaya ya sami ƙari, ɗaya ragi. In suka bi waya a guje, shi ne wutar da ke kunna ƙwan fitila. In kuma ƙwayoyin da ke cikin guntun ƙarfe suka daidaita suka fuskanci gefe ɗaya, shi ne maganaɗisu.

Kammalawa

Wani zai ce ashe mutanen da sun yi gaskiya da suka ɗauki abubuwan nan biyu dangi ɗaya. A ganina ba haka ba ne. Su kama suka gani suka yanke hukunci, alhali kuwa kama da wane ba ta wane. Shekara kusan 2,200 na wannan zato ba ta kunna fitila ko ɗaya ba. Daga littafin Gilbert zuwa gwajin Faraday kuwa shekara 231 ce kacal, kuma ba don an fara rabawa an auna kowanne shi kaɗai ba, da ba a gane inda suka haɗu ba.

Akwai abin lura a nan ga mu ɗaliban harshe. Mutanen da suka yi wannan aiki, akwai likita, akwai marini, akwai ɗan maƙeri, kuma kayan aikinsu bai wuce zare da kwalba da allura ba. Kowannensu da ya gano sabon abu, sai da ya nemo masa suna daga abin da jama'arsa ta sani, kamar ƙaro da gilashi da alamun lissafi. Hausa tana da mayen ƙarfe, tana da minjirya da aradu, tana da hunturun da ya fi ɗakin gwajin Gilbert bushewa. Aikin da ya rage shi ne a zauna a rubuta wannan ilimi da ita, yadda yaron firamare zai goga bironsa a gashi ya san dalilin abin da ya gani.